Matakala Arba'in da Biyu

Daga ƙofar ɗakinmu zuwa bakin titi matakala arba'in da biyu ce, hawa uku. Ban taɓa ƙirga su ba sai da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Yanzu na san ta goma sha bakwai bakinta ya gutsure, na san ta talatin tana santsi idan matar hawa na biyu ta yi wanki ta shanya a wurin.

Litinin da Alhamis nake goya shi in sauko da shi, mu shiga mota mu je asibiti a yi masa gashin jiki, mu dawo in sake goya shi mu hau. Mun yi wata goma sha ɗaya a haka. Maƙwabta suna yi mini sannu, suna sa mini albarka, ina cewa amin. Amma ba na jin komai idan suka faɗa, ba daɗi, ba ɗaci. Tun da Mama ta rasu, Baba kuma ya faɗi bayan wata uku, sai na zama kamar rediyon da aka rage wa murya. Ina ci, ina aiki, ina amsa gaisuwa. Shi ke nan.

Baba ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota. Bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita a hankali, amma tsokanarsa tana nan. Idan na goya shi, ni ne motar.

"Kwana ce, Auta. Rage wuta."

"Na rage, Baba."

"Birkinka yana ci kuwa?"

"Yana ci."

Yaya, babbarmu, tana aure a wani gari, tafiyar awa huɗu. Gidanta ba bene ba ne. Tun ranar da aka sallamo Baba take so ta tafi da shi, shi kuma ya ƙi. Tagar ɗakinsa tana kallon mahaɗar titi, yana gane kowace mota daga kukan injinta. Kujerar Mama ma tana nan gefen tagar. Da Yaya ta gaji da lallashi sai ta ce mini, "Na bar shi a hannunka, Auta. Amma ranar da ka kasa hawa benen nan da shi, ranar zan zo da mota." Ba da faɗa ta yi maganar ba. Yaya ba ta iya faɗa ba, abin da ta ce shi take yi.

Wata rana a hawa na biyu ƙafafuna suka kama rawa. Baba ya ji. Kashegari na je wurin ɗaga ƙarfe.

Wankin mota nake yi. A bayan wurin aikinmu akwai wani tsohon sito da aka mayar ɗakin motsa jiki. Mai wurin, wanda kowa ke kira Mai Ƙarfe, gajere ne kakkaura, sana'arsa walda. Duk abin da ke ɗakin shi ya haɗa da hannunsa. Sandar ƙarfe ɗaya ce, tana zaune a kan ƙugiya biyu da ya liƙa daidai tsayin kafaɗarsa. Ni kuwa dogo ne. Kafin in shiga ƙarƙashin sandar sai na lanƙwasa baya kamar mai shiga ɗakin kaji, in ɗago ta a haka, sannan in miƙe.

Laraba ce ranar ƙafa. Ana yin layi da sassafe kafin kowa ya tafi aiki. Ka ɗora sandar a kafaɗa, ka tsugunna, ka tashi, sau biyar, ka mayar, na bayanka ya shiga. Idan layi ya zagayo a ƙara faifan ƙarfe a kowane gefe. Dokar ɗakin ɗaya ce: faifai yana hawa, ba ya sauka. An ce da farko don sauri aka kafa ta, saboda sanda ɗaya ce kuma kowa yana da wurin zuwa. Daga baya ta zama maganar mutunci. Duk wanda ya cire faifai, shi zai share ɗakin ya goge madubi har mako guda. Ban taɓa ganin wanda ya cire ba. Wanda nauyi ya fi ƙarfinsa sai ya dafa aljihu ya ce ana kiransa a waya, ya fita.

Ni ba mutunci nake nema ba. Lissafina mai sauƙi ne. A asibiti sun auna Baba, kilo sittin da takwas. Na ce idan na iya tashi da kilo ɗari, Baba zai zama kamar matashin kai a bayana.

A wata na biyu ƙuguna ya fara ciwo, can ƙasa, gefen dama. Da safe idan zan sa wando sai na dafa bango. Na sayi man zafi ina shafawa.

Akwai wani mahauci a layinmu, ana ce masa Tanka, saboda faɗin ƙirjinsa. Shi ya sa mini suna Lif, na'urar hawa bene, da ya ji ni ke hawa da sauka da Baba.

"Lif, lafiya kake tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai?"

"Ƙuguna ne."

"Ƙarfi ne yake shiga, yaro. Ta ƙugu yake shiga, ya sauka cinya. Ƙara matse bel ɗin ƙugunka kawai."

Na ƙara matsewa har sai da Mai Ƙarfe ya huda mini sabon rami a jikin bel ɗin. Idan na matse ba na jin ciwon sai na kwance. Ban damu ba. Gaskiya ma, a lokacin ciwon ne kaɗai abin da nake ji sosai, sai na riƙe shi kamar wani nawa.

Larabar da abin ya faru, layi ya zagayo sau uku, sanda ta kai ɗari, manyan faifai biyu a kowane gefe. Mutum biyu sun riga sun tafi amsa waya. Na shiga ƙarƙashi, na lanƙwasa, na ɗago. A tsugunno na uku na ji wani abu ya ƙulle a ƙuguna, kamar an ja igiya an ɗaure. Ba ƙara, ba komai. Na gama biyar ɗin, don ban san yadda ake tsayawa a tsakiya ba. Tanka ya doki kafaɗata ya ce yau na zama namiji.

Ranar a wurin aiki na kasa sunkuyawa in wanke taya. A durƙushe na yi su, gwiwoyina cikin kumfa.

Kashegari Alhamis. Katifar Baba a ƙasa take. Na sunkuya na ɗaga shi kamar kullum, gumi ya karyo mini tun ba mu fita ba. Na goya shi, muka fara sauka. Hawa na uku ya wuce. A tsakiyar na biyu bayana ya kama. Ƙafata tana sama, na kasa sauke ta, na kasa mayar da ita. Na ga matakala tara a gabana, na ga inda kan Baba zai fara bugawa idan na kife. Na riƙe ƙarfen gefe da hannu ɗaya, na yi ƙasa a hankali, a hankali, har muka zauna, shi a ta sama, ni a ta ƙasa.

Mun daɗe a haka. Wani yana soya ƙwai a wani ɗaki. Ina jin numfashin Baba a wuyana.

"Ka yi fakin a wuri mara kyau," in ji shi.

"Yi haƙuri, Baba."

"Injin ne ko taya?"

"Ban sani ba."

Da zama muka ƙarasa. In matsa ɗaya, in tallafo shi ya matso ɗaya. Mai motar da ke kai mu shi ya shigo ya kama mini shi daga ƙasa.

Matar da ke yi wa Baba gashi dattijuwa ce mai gilashi. Ni Malama nake ce mata, Baba kuwa Makanika yake ce mata. Tun daga ƙofa ta dube ni.

"Yau wanne ne majinyacin?"

Da ta gama da Baba ta ce in tsaya. Ta danna nan, ta danna can. Ta tambaye ni ko zafin yana sauka har tafin ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari yana kufce mini. Na sunkuyar da kai na ce a'a.

"To da sauƙi. Alamar naman wurin ne ya ji ciwo. Amma ranar da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka tsaya shafa mai, ka zo wurin likita a ranar. Me kake yi wa bayan nan?"

Na gaya mata komai, har da ƙugiyar Mai Ƙarfe da dokar faifai. Ta cire gilashi ta goge.

"Maza," ta ce.

Ta ɗauko sandar goge-goge ta kwantar mini a baya, ta taɓa ƙeyata, ta taɓa tsakanin kafaɗuna, ta taɓa ƙarshen ƙuguna. Ta ajiye bokiti ba komai a ciki a gabana.

"Ɗauka. Kada sandar ta rabu da kai."

Ina sunkuyawa sandar ta tashi daga ƙuguna.

"Ka gani? Wata biyu kana zuwa ranar ƙafa, bayanka ne yake yin aikin. Tura mazaunanka baya kamar za ka rufe ƙofar mota da su. Gwiwa ta lanƙwashe, baya ya tsaya. Ja numfashi ka cika ciki, ka riƙe. Yawwa. Bel ba magani ba ne, rufe wa ciwo baki yake yi."

Ta ce kada in kwanta in ce ina jinya, in riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, in gasa wurin da ruwan ɗumi. Ta ce in ɗaga wa Baba gado ya kai gwiwata. Ta ce zafin gajiya daban, zafin da ke suka daban, kuma idan na ji mai suka in ajiye ko me nake ɗauke da shi. Sannan ta faɗi abin da nake tsoro.

"Mako uku ba ka ɗaukar mutum. Bayan haka ka koma ƙarfenka, amma ka fara da sanda tsirara."

Da muka dawo gida na tsaya a ƙasan bene na kira Mai Ƙarfe a waya. Sai ya turo mini Tanka. Ya zo da rigar aikinsa, yana warin nama, ya goya Baba ya fara hawa da gudu.

"Wannan motar sabuwa ce," in ji Baba, "amma direban ba ya ganin rami."

A hawa na biyu gudun ya ƙare. Da muka isa sama Tanka ya jingina da bango yana haki.

"Lif, sau nawa kake yin wannan?"

"Sauka biyu, hawa biyu, duk mako."

Ya dube ni, ya dubi matakalar. Bai yi tsokana ba.

Bayan ya tafi Baba ya ce, "Kada ka gaya wa yayarka."

Da matakala ce kaɗai, da na roƙi Tanka. Amma akwai kai shi kewaye sau huɗu a yini, akwai wanka, akwai juya shi. Kuma matakala taran nan ba su bar idona ba. Da la'asar na fita baranda na kira Yaya. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Asabar."

Baba bai yi mini magana ba ranar Juma'a. Matar hawa na biyu ta turo mijinta yana kama mini shi. Ranar Asabar Tanka ya sauke shi. Na bi su da jakar magani, ita ce kaɗai aka bari in riƙe. Baba ya zauna a gaban mota yana kallon titi.

Yaya ta ja ni gefe. "Ba ƙwace nake yi ba, Auta."

"Na sani, Yaya. Idan na warke fa?"

Ta daɗe tana kallona. "Likitansa na nan ya ce a dawo da shi bayan mako shida. Ranar za ka hau da shi. Ina gabanka, ina kallon fuskarka. Idan na ga ta canja, da shi zan koma, kuma ba za mu sake maganar ba."

Motar ta tafi. Na hau arba'in da biyun ni kaɗai. Ɗakin yana nan yadda yake, sai dai katifar ba kowa. Na jira in ji kuka ya zo, bai zo ba. Na wanke kofuna.

Na yi abin da Malama ta ce, don ba ni da wani abin yi. Da safe in zagaya unguwa. A wurin aiki na koma goge gilashi da cikin mota. Na sa kafinta ya haɗa gado, na auna masa da gwiwata. Na sayi sandar goge-goge na ajiye ta gefen madubi, ni da ita da bokiti, safe da yamma. Idan na kira Yaya takan miƙa wa Baba waya, ya ce lafiya lau, ya ce motocin garinsu ba su da murya, ya mayar mata.

A Laraba ta huɗu na koma ɗakin ƙarfe. Na shiga layi. Da aka zo kaina akwai babban faifai ɗaya a kowane gefe. Na tsaya. Na kama na dama na zare shi, na tsugunna da shi yadda aka koya mini, na jingina shi da bango. Na zagaya na zare na hagu.

Duk layin ya zuba mini ido.

"Jama'a, lif ya lalace!" in ji wani daga baya. Aka yi dariya.

Tanka bai yi ba. Ya ce, "Kai da ko buhun albasa ba ka taɓa hawa bene da shi ba, rufe mana baki."

Na yi biyar ɗina da sanda tsirara. Ba ta da nauyin komai, amma a karon farko na ji aikin a cinyoyina. Na mayar musu da faifansu. Mai Ƙarfe ya miƙo mini tsintsiya, fuskarsa ba dariya.

"Doka doka ce."

"Na sani, maigida." Na karɓa. "Amma ƙugiyar nan ta yi mini ƙasa."

"Shekara tara tana nan, ba wanda ya yi ƙorafi."

"Dogayen da suka fara da ku, ina suke?"

Na ga yana ƙirga mutane a ransa. Ya juya ya ce na gaba ya shiga.

Da na zo shara ranar Juma'a, na tarar da sababbin ƙugiya biyu a saman tsofaffin, waldar ko fenti ba a yi mata ba.

Tun da kowace Laraba sai na cire faifai, shara ta zama tawa. Ba ta dame ni ba. Ina ƙara ɗan ƙaramin faifai duk zuwa. Sau ɗaya na ji suka a tsugunno na biyu, na mayar da sandar a kan ƙugiya na fita daga layi, ban dafa aljihu ba. Ranar da mako shida suka cika, abin da nake ɗagawa bai kai nauyin Baba ba. Na gaya wa Malama haka. Ta duba ni, ta sa na ɗaga bokiti cike da ruwa, ta ce, "Gwada, amma ba a numfashi ɗaya ba. Wa ya ce maka dole sai a tashi ɗaya ake hawa bene?"

Ba wanda ya ce. Haka kawai na saba.

Na aro kujeru biyu na roba, na ajiye ɗaya a ƙarshen hawa na farko, ɗaya a ƙarshen na biyu.

Yaya da Baba sun iso da azahar, bayan sun ga likita. Baba ya ɗan rame. Na buɗe ƙofar mota, na juya masa baya, na tura mazaunai, na lanƙwasa gwiwa. Ya saƙalo hannunsa mai lafiya a wuyana. Na cika ciki da iska na tashi.

Yaya ta shige gaba, tana hawa da baya, hannunta a kan ƙarfen gefe, idonta a kaina.

"Giya ɗaya, Auta," in ji Baba a kunnena. Ita ce doguwar maganar da ya fara yi mini tun ranar Alhamis ɗin nan. "Da kaya ne. Kada ka ji kunyar giya ɗaya."

Sha huɗu. Na sauke shi a kujera. Yaya ta dubi kujerar.

"Wannan fa?"

"Tasha ce," in ji Baba.

Muka huta har numfashina ya dawo. Na sake ɗaukarsa. Na tsallake bakin ta goma sha bakwai. Ƙuguna yana nan, ina jin sa, amma gajiya ce, ba suka ba. A kujera ta biyu muka fi daɗewa. Yaya ba ta ce mu yi sauri ba. A ta talatin na sa ƙafa a hankali, don an yi wanki.

Na zaunar da shi a sabon gadon. Ya dafa katakon, ya dubi tsayinsa, ya juya wajen taga.

Yaya ta tsaya a gabana tana duba fuskata kamar mai zaɓen yadi. Ban san abin da ta gani ba. Ni dai ban yi ƙoƙarin ɓoye komai ba.

"Kujerun nan naka ne?"

"Aro ne."

"Ka sayi naka." Ta juya ta nufi ƙofa. "Bari in kawo jakarsa."

Na bi ta zan karɓo.

"Zauna," ta ce. "Ba ta da nauyi, amma zauna."

Na zauna a kujerar Mama ina jin takunta yana sauka. Wata babbar mota ta tsaya a mahaɗa tana kuka. Baba ya karkata kai.

"Wannan bai canja mai ba tun da na tafi."

Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Abin da na ji yunwa ce, irin wadda na daɗe ban ji ba. Na tashi, baya a tsaye, na ɗora ruwan shayi, na jera kofi uku.